Cajin Wayar Alhaji Baffa

Ranar Litinin da hantsi Zailani ya yanke shawarar cewa ranar Asabar duk unguwar New Bell ta Douala sai ta ji kukan jikar Alhaji Baffa, kai tsaye daga Beljiyam. Ba wanda ya nemi ra'ayinsa. Yana zaune ne bayan ɗan teburinsa na kwaɗon ƙofa da batiran tocila, a gindin katangar gidan Alhajin, sai ya jiyo mai gidan yana mita a bakin zaure.

Alhaji Baffa dillalin goro ne, a unguwar aka haife shi, nan kuma aka binne ubansa. 'Yarsa Naja'atu da ke aure a Beljiyam ta haihu. Bayan doguwar ja-in-ja da surukinsa, Alhaji Umar Faruk na unguwar Bonamoussadi, uban mijin Naja'atu, an yarda a yi taron suna a New Bell, saboda gidan surukin a saman bene yake, ba inda za a kayar da rago. Da ƙarfe goma na safiyar Asabar Naja'atu za ta kira ta bidiyo ta nuna jaririya. Don haka ma ta aiko wa ubanta sabuwar waya.

Shi kuwa Alhaji yana da wani akwatin kiɗa da yake ji da shi, mai mazauni a kansa. Kana dasa waya a kai sai ta riƙa shan caji, murya na fitowa da ƙarfi. Tsohuwar wayarsa mai faɗin gindi ta zauna a kai daram har ranar da ta mutu. Sabuwar kuwa ramin cajinta ɗan siriri ne, ta ƙi zama.

"Shekara goma sha biyar akwatin nan bai ba ni kunya ba," in ji Alhaji, yana jujjuya wayar. "Yanzu mutumin Bonamoussadi zai zo da turarensa da Faransancinsa, ya tarar muna miƙa wa juna waya kamar masu shan shayi a kofi ɗaya."

Zailani ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Alhaji, da injiniya a ƙofar gidanka kake wannan magana?"

"Wane ne injiniyan?"

"Wata uku na yi a Akwa, can tsakiyar gari, a shagon Rilwanu mai gyaran waya. Sunan shagon ne kawai nasa. Duk wayar da ta gagare shi ni yake turo wa. Riƙon sukurdireba ma ni na gyara masa."

Awalu mai tsire yana ɗaya gefen ƙofar yana soke nama a tsinke. Bai ɗago kai ba ya ce, "To me ya dawo da kai sayar da kwaɗo?"

"Hassada, Awalu. Ci gaba da hura wutarka."

Nan take Zailani ya zana tsarinsa a ƙasa da ƙusa. Waya za ta hau akwati, akwati zai shiga rediyon motar Alhaji, a buɗe ƙofofin motar huɗu, murya ta tashi har unguwar Nkololoun. Abin da yake so a madadi bai taka kara ya karya ba: ɗan shagon nan na jikin zaure da ke kulle tun bara. Ya ce har ya ga allon a idonsa, Docteur Zailani, Téléphone Général.

"Ɗazu injiniya ne, yanzu likita," in ji Awalu. "Kafin Asabar gwamna za mu wayi gari da shi."

Alhaji ya dubi zanen, bai gane komai ba, abin da ya ƙara burge shi ke nan. Ya miƙa wa Zailani kwalin wayar da cajarta. "In ka fitar da ni kunya, shago naka ne. Amma wayar ba za ta bar ƙofar gidan nan ba."

Da Zailani ya koma gida cin abincin rana ya kwashe labari ya faɗa wa matarsa Zainabu. Ta saurara har ya gama, tana ɓare ayabar suya.

"Malam, wayar ba ta zo da cajarta ba?"

"Ta zo."

"To a saka ta a bango mana, ranar Asabar a ɗauko ta a cike."

"Wannan tunanin masu tuƙa tuwo ne. Kowa ya iya soka caja a bango. Ni système zan haɗa."

"Fankar ɗakin nan ma système ka haɗa mata. Wata biyar ke nan da mafici nake fama."

Ranar Talata ya shiga kasuwa ya dawo da adafta uku. Ta farko ta haɗa babban baki da matsakaici, ta biyu ta haɗa matsakaici da ƙarami, ta ukun ya ce ta ƙarin ƙarfi ce. Ya jera su kan akwatin a bakin zaure, ya ɗora wayar a can sama, ta karkace kamar za ta faɗo, ya tokare ta da kwalin ashana. Fuskar wayar ta yi haske, rubutu ya fito.

Alhaji yana jin Faransancin ciniki, amma ƙananan rubutu sun fi ƙarfin idonsa. "Me ta ce?"

Zailani ya karanto da ƙarfi don masu wucewa su ji. "Cet accessoire n'est pas pris en charge. Ka ji ko? Pas pris en charge. Wato ba ta ɗauki caji ba. Wayar Turai ce, Alhaji, ta saba da wuta mai kauri. Tamu ta New Bell ta yi mata ruwa-ruwa."

"Ni dai ranar da na je asibiti suka ce mini ba na pris en charge," in ji Awalu, "nufinsu ba ruwansu da ni."

"Asibiti daban, fasaha daban."

Sai Zailani ya ce kafin a ƙara wuta a fara share ramin cajin, don ƙurar jirgi ta kan toshe shi. Ya miƙa hannu farantin Awalu ya zaro tsinken tsire, ya zura a ramin, ya murza hagu, ya murza dama. Wani abu ya ce ƙas. Da ya zaro tsinken ya ga ya fi yadda ya shiga gajarta. Ya jefa shi aljihu da sauri.

"Alhaji, hura nan. Numfashin mai waya ya fi shiga."

Alhaji ya kai wayar baki ya hura da ƙarfinsa. Yajin da tsinken ya bari ya taso ya cika masa hanci da ido. Ya yi atishawa har hularsa ta faɗi, ya sake, ya kuma sakewa. Awalu yana ƙirgawa a hankali, ya tsaya a tara.

"Ashia, Alhaji, sannu," in ji wata mai tallan makala, fanken garin, da ta tsaya kallo.

"Alamar ramin ya buɗe ke nan," in ji Zailani.

Daga ranar adafta ba ta ƙara shiga ramin duka ba, sai ya riƙa ɗaure ta da robar kuɗi. Da yamma ya laɓe a lungu ya kira Rilwanu na Akwa. Rilwanu ya ce ya kawo wayar ya duba. Zailani ya ce ba zai yiwu ba, shawara kawai yake so ta baka. Rilwanu ya ce shawarar ke nan, ya kashe.

Ranar Laraba aka shiga ƙara wa wuta kauri. Zailani ya ɗauko cajar da ta zo a kwali, sabuwa fil, ya sa reza ya yanke igiyarta gida biyu. Alhaji ya dafe ƙirji.

"Ita ce fa kaɗai."

"Shi ya sa na zaɓe ta. Asalin jini ake nema."

Ya kwance bayan akwatin kiɗan, ya murɗa ja da ja, baƙi da baƙi. Wata koriya ta rage ba ta da abokiya, ya haɗa ta da jar don kada ta zauna a banza. Ya naɗe da salatif, ya ce kowa ya matsa, ya soka a soket ɗin zaure.

Ƙara ɗaya aka ji, tas, kamar an fasa leda. Wani siririn hayaƙi ya fito ta hancin akwatin. Fankar zaure ta yi juyi biyu ta tsaya. Rediyon tela na tsallake ya yi shiru a tsakiyar labarai. Gidaje huɗu ne a kan layin nan, duk suka ɗauke tare.

Ba a yi minti biyu ba Sabuwa ta fito da zani a ɗaure a ƙirji da ludayi a hannu. Ita ce mai sayar da foléré, wato zoɓo mai sanyi, a layin, firjinta cike da ƙullin zoɓo ɗari biyu da ta zuba da asuba.

"Wa ya taɓa wuta?"

"Masu wuta ne suka ɗauke, Sabuwa," in ji Zailani. "Kin san halinsu."

"Masu wuta ne suka bar wa layin gaba tasu? Masu wuta ne suke warin ƙonannen roba a zauren Alhaji?"

"Ke ba ki san courant ba. Layi-layi yake tafiya."

"In zoɓona ya yi tsami, layi-layi zan ɗura maka shi, ƙulli ɗari biyu."

Sai da aka kira mai gyaran wuta na gaske ya hau tsani, bayan la'asar wuta ta dawo. Akwatin kiɗa bai dawo ba. Alhaji ya zauna ya ɗora shi a cinya yana shafa bayansa, Awalu ya zo ya tsuguna ya yi masa ta'aziyya da fuska a ɗaure.

"Alhaji, akwatin nan dama shi ne ke jawo mu baya," in ji Zailani. "Yanzu hanya ta miƙe. Mota kai tsaye."

Alhaji ya dubi wayar. "Lambar nan ta sama fa raguwa take yi. Ranar Litinin tamanin ce, yanzu talatin da ɗaya."

"Haka sababbin suke. Daga sama suke ƙirgowa ƙasa. Tana kai wa sifili sai ta cika gaba ɗaya."

Motar Alhaji tsohuwa ce fara, ta girmi Naja'atu, ba ta fita sai Juma'a da ranar biki. Ranar Alhamis aka yaye mata tamfol. Zailani ya sayo cajar mota ya soka a ramin kunna sigari, ba abin da ya motsa. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ce fiyus ne ya ƙone, ya zare shi, ya naɗe da takardar kwalin sigari mai ƙyalli ya mayar. Da ya ga akwai sauran takarda, ya naɗe na kusa da shi ma, ya haɗa su don su taimaki juna.

"Alhaji, murza makulli."

Alhaji ya murza. Magogin gilashi ya fara kai-komo a busasshen gilashi yana ƙara. Fitilun gaba suka kama. Zailani ya soka wayar, sai hon ya ɗauka. Ya zare wayar, hon bai daina ba. Alhaji ya zare makulli, hon bai daina ba.

Layi ya cika. 'Yan bensikin da ke jiran fasinja a bakin titi suka turo baburansu suka yi da'ira, wasu suka riƙa taya motar da nasu hon. Wani ya leƙo ta taga ya ce, "Patron, amarya ce ta iso?" Kaji suka watse. Ladan ya fito daga masallacin layi ya tsaya da hannu a ƙugu, lokacin azahar ya yi, ba halin ya kira salla.

"Kashe ta," in ji Alhaji.

"Me ka ce?"

"Na ce kashe ta."

"Gwaji ne, Alhaji. Ka ji ƙarfin sauti? Wannan ko a Yassa, ƙarshen gari, an ji."

Ya nemi buɗe bonet ya cire kan batir, mariƙin ya zo a hannunsa. Haka aka tsaya har hon ya fara shaƙewa, ya koma kamar kukan tsohon bunsuru, ya yi shiru don kansa. Batir ya ƙare ƙaf.

Aka ce a tura ta ko za ta tashi. Zailani ya shiga mazaunin direba, ya ce shi ya san lokacin sakin kuloci. Awalu da tela da 'yan bensikin uku suka tura. Ya saki kuloci a giyar baya. Motar ta yi tsalle ta ja da baya, masu turi suka watse, ƙafarta ɗaya ta faɗa kwata, ruwan kwatar ya wanke wa ladan ƙafafun wando.

"Alwala dai sai an sake," in ji ladan, ya juya.

Da Zailani ya isa gida Zainabu ta riga ta ji komai.

"Sannu da zuwa, Docteur. An ce yau har salla ka ɗaga."

"Mutanen unguwar nan ba su san ci gaba ba."

"Sun san ci baya dai, tunda sun ga mota ta yi shi." Ta ajiye masa kwano. "Malam, ka kai wa Rilwanu wayar nan tun kafin a kore mu daga layi."

"In kai wa yarona aiki? Ki bari ki gani gobe."

Abin mamaki, gobe ta zo da nasara. Ranar Juma'a makaniki ya zo ya zare takardun sigari yana tsaki, ya sa batirin aro. Zailani kuwa ya dawo daga kasuwa da wata 'yar na'ura kamar kan albasa, wadda ake sokawa a ramin sigari ta haɗa waya da rediyon mota ta bulutut, ba igiya ko ɗaya. Mai sayarwar ne ya nuna masa inda ake dannawa. Ya gwada da tasa wayar, sai ga kiɗa ya cika layi, tas, ba ƙura.

Zailani ya fito daga motar a hankali, ya jingina da ƙofa, ya harɗe hannu. "Awalu, ka ce wani abu mana."

"Kiɗan ya yi daɗi," in ji Awalu. "Wayar wa ke yi?"

"Waya duk waya ce."

Alhaji ya ji daɗi har ya ba shi goro fari guda biyu. Sannan ya miƙo tasa wayar. "To sa tawa mu ji. Ta kai uku yanzu, ta kusa cika."

Zailani ya karɓa, yana taɓa ta ta yi ɗif, fuskarta ta yi baƙi.

"Ta kai sifili," in ji shi. "Yanzu a bar ta ta huta. Kada kowa ya taɓa ta sai gobe."

Asabar ta waye da ɗan yayyafi, kafin takwas rana ta fito. An kafa rumfa ta tare layi, an jera kujerun roba, an yanka raguna biyu, liman ya raɗa wa jaririya suna Kausar. 'Yan kasuwar goro sun zo, mahauta sun zo, mata sun cika cikin gida har zaure. Motar tana gefen rumfa, ƙofofinta huɗu a buɗe. Zailani ya sa babbar riga ta aro, ya rataya abin gwada wuta a wuya, wanda ba batir a cikinsa.

Tara da rabi Alhaji Umar Faruk ya iso daga Bonamoussadi, tsohon ma'aikacin kwastan, mai tumbi da farin tabarau. Ya tsallake kwata yana ɗage riga, ya zauna a kujerar gaba.

"Alhaji Baffa, an ce ka tanadar mana sinima."

"Injiniya gare ni na musamman," in ji Alhaji Baffa. "Daga Akwa."

Zailani ya rusuna. Ya shiga motar, ya danna wayar Alhaji, baƙi. Ya soka mata cajar mota ya matse da roba, baƙi. Ya goga ta a cinya don ta ji ɗumi, ya kara ta a kunne, ya girgiza ta. Goma saura kwata. Goma saura goma. Gumi ya jiƙa babbar rigar aro.

"Injiniya, ina muke?" in ji Alhaji Baffa.

"Saura ƙiris. Bari in duba iska ta baya."

Ya zagaya bayan gida, ya tsallake tulin itace, ya shige lungun da ke tsakanin katanga biyu, ya kira Rilwanu. Ya manta tun jiya wayarsa a haɗe take da na'urar motar.

A rumfa sai aka ji ƙarar kira ta fito daga ƙofofin mota huɗu. Hira ta tsaya. Mata suka matso bakin zaure, wata ta fara gyara murya don guɗa.

"Ga Beljiyam nan," in ji Alhaji Baffa, ya dubi surukinsa.

Aka ɗauka. Muryar namiji ta cika layin.

"Zailani, kai ne kuma? Tun Talata nake gaya maka tsinken tsire ne ya karye a ramin cajin nan. Ko wutar Douala duka ka jona mata ba za ta sha ba. Ka kawo in cire, aikin minti biyar ne."

Awalu ya ajiye wuƙarsa.

"Allô? Kana jina? Kuma ka daina gaya wa mutane a wurina ka koyi aiki. Shara ka yi mini wata uku. Sharar ma sai da ka haɗa da sukurorin wayoyin mutane ka zubar."

Daga can bayan katanga ana jiyo wata 'yar murya tana cewa allô, allô, Rilwanu, ba na jinka.

Alhaji Baffa ya tashi, ya taka har motar, ya sunkuya ya zura kai ta taga. "Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Wa ke magana?"

"Wani maƙwabcinsa ne. Ya ɗan fita. Malam Rilwanu, rubutun nan da wayar ta yi, pas pris en charge, me yake nufi?"

"Nufinsa tsohon akwatin ba nata ba ne, ba su dace ba. Shi ke nan. Na gaya masa ya sa ta a cajarta, ya samo lasifika a haya. Ya ce wai tsohon mai wayar bai san bambancin caja da carbi ba, ko me ya nuna masa zai yarda."

Alhaji Umar Faruk ya cire tabarau ya sa hankici a baki, kafaɗunsa na rawa.

"Haka ya ce?" in ji Alhaji Baffa.

"Har ya ce akwai wani suruki mai tumbi da zai zo daga Bonamoussadi, wai in ya ga mota na magana sai ya ɗauka aljanu ne, ya bar takalmansa."

Alhaji Umar Faruk ya mayar da tabarau. Kafaɗun suka daina rawa. Na Awalu suka ɗauka, daga nan na tela, daga nan layin kujeru na baya gaba ɗaya. Daga zaure aka ji muryar Zainabu tana cewa a matsa mata, za ta shiga ta taya wanke-wanke.

"Malam, wai kai wane ne?" in ji Rilwanu. "Na ji kamar da mutane a wurin."

"Ni ne mai carbin," in ji Alhaji Baffa. "Litinin zan kawo maka wayar da kaina."

"Allah ya raya abin da aka samu, Alhaji," in ji Rilwanu, ya kashe.

Sai ga Zailani ya ɓullo daga bayan gida, da yanar gizo-gizo a hula, yana murmushi. Ya ga duk idanu a kansa, ya ɗauka jiransa ake yi, ya ɗaga hannu ya gaishe da jama'a.

"Alhaji, na gano matsalar. Yanzu na gama magana da wani yarona a Akwa, ya tabbatar da abin da na faɗa. Daga Beljiyam ne. Wutarsu ce ba ta..."

"Mun gaisa da yaron naka," in ji Alhaji. "Yana da ladabi."

Zailani ya dubi motar, ya dubi wayar da ke hannunsa, ya sake duban motar. Ya juya zai koma duba iska ta baya, ya tarar da Sabuwa a tsaye a bakin lungu da bokitin zoɓo.

"Sabuwa," in ji Alhaji, "shagon nan na jikin zaure, gobe ki kawo firjinki."

A daidai nan wayar Alhaji Umar Faruk ta yi ƙara a aljihu. Ɗansa ne daga Beljiyam, yana cewa tun ɗazu suke neman wayar Baba ba ta shiga. Tsohon kwastan ya sa aka kashe bulutut ɗin Zailani, ya danna tasa sau biyu, sai ga muryar Naja'atu a ƙofofin mota huɗu tana sallama. Guɗar da aka riƙe ta fito.

"Sai dai a samu inda za a kafa ta," in ji Umar Faruk. "Wuri mai tsayi, yadda za ta ga kowa."

Surukan biyu suka dubi juna. Tun da aka ɗaura auren 'ya'yansu ba su taɓa yarda da abu ɗaya da sauri haka ba.

Aka kawo benci aka ajiye a gaban rumfa. Zailani ya hau, aka danƙa masa wayar, aka ce ya miƙa hannu sama ya juyo fuskarta ga jama'a, kada ya lanƙwasa gwiwar hannu. Kowa ya ga Kausar, ja-jawur cikin farin tawul, ban da shi, don bayan wayar yake kallo. Ta yi kuka, kukan ya kai har bakin titi, 'yan bensikin suka amsa da hon.

Daga nan aka shiga gaisuwa. Liman ya yi addu'a. Kakanni maza suka yi jawabi, na Bonamoussadi da Faransanci, sannan ya fassara da kansa. Mata suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowacce sai ta tambayi jego, ta tambayi sanyin ƙasar, ta faɗi wanda jaririyar ta yi kama da shi. Gwaggon Naja'atu ta kawo labarin duk wanda ya rasu a layin tun tafiyarta. Duk lokacin da hannun ya fara sauka, Awalu sai ya taɓa gwiwar da tsinken tsire, ya koma sama. Aka fara raba nama, faranti na wucewa ta ƙarƙashin bencin.

An haura awa guda Naja'atu ta katse gwaggonta.

"Baba, wai me ya sa hoton ke ta rawa haka? Kan me kuka ɗora wayar?"

Alhaji Baffa yana tauna nama, bai kai ga amsawa ba. Daga bayan wayar wata murya ta fito, a shaƙe, amma da cikakken tabbaci.

"Réseau ne, Hajiya, matsalar netwok. Daga wajenku yake."